Kalmomin Shari'a da na Aukuwa da Hausa Ta Aro Daga Ingilishi: Waiwaye a Kan Tarihin Kotuna a Garin Gombe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a harabar kotu a garin Gombe da safiyar ranar aiki zai ji ana Hausa mai hawa uku. Yana iya jin an ce, "Alƙali ya ɗage shari'a, amma lauya ya ce zai nemi beli kafin a ɗaukaka ƙara." A wannan jimla guda, *alƙali* da *shari'a* Larabci ne asalinsu, *lauya* da *beli* daga Ingilishi suka zo, *ɗage* da *ƙara* kuwa Hausa ce tsantsa. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hawan Ingilishi ya shigo, ta hanyar duba tarihin kotuna a Gombe. Za a kuma nuna cewa Hausa ta aro sunayen ma'aikata da wurare da takardu cikin sauƙi, amma kalmomin da Ingilishin kotu yake rarrabe abubuwan da suka auku da su har yanzu ba su sami tsayayyun takwarori ba. A wannan giɓi ne haƙƙin mutum yake iya salwanta.

2.0 Shimfiɗar Larabci

Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Gombe a farkon ƙarni na 19, da hedikwata a Gombe Abba, kuma ya rasu a 1841. Masarautar ta tattara masu harsuna da dama, kamar Fulfulde da Bolanci da Teranci. Shari'a a lokacin bisa mazhabar Malikiyya ake yin ta, kuma littattafanta na Larabci ne. Daga wannan tushe Hausa ta sami kalmomi irin su *hukunci*, *da'awa*, *shaida*, *hujja*, *tuhuma*, *muhuti*, *diyya*, *ƙisasi* da *haddi*. Hatta *laifi* daga *al-aib* ta samo asali. Greenberg a 1947 da Hiskett a 1965 sun yi bayanin yadda kalmomin Larabci suka zauna a Hausa, don haka ba sai an maimaita ba. Abin lura kawai shi ne, Turawa sun tarar da harshen shari'a wanda ya riga ya ginu, har da rarrabewa tsakanin kisan ganganci da kisan kuskure.

3.0 Zamanin Turawa: 1902 Zuwa 1960

Sojojin Ingila sun iso ƙasar Gombe a 1902, kuma a cikin wannan ƙasa aka yi yaƙin Burmi a watan Yuli na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Turawa suka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, a zamanin Sarki Umaru. Doma ɗin nan ita ce garin Gombe na yau. Ke nan garin ya tashi ne tun farko da fadar sarki a gefe guda, ofishin Di'o a ɗaya gefen.

Tsarin Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Dokokin 1900 da 1906 sun bar su a ƙarƙashin En'e, aka kasa su daraja-daraja, Razdan da Di'o suna duba littattafansu. Wannan ya sa kalmomin Ingilishi na farko da suka shigo na bakin ƙofar shari'a ne, wato na kamu da tsarewa da kai saƙo:

(1) *tafinta* daga *interpreter*. *Masinja* daga *messenger*. *Sammaci* daga *summons*. *Waranti* daga *warrant*. *Fursuna* daga *prisoner*. *Caji ofis* daga *charge office*. *Rahoto* daga *report*.

Siffar waɗannan kalmomi ta nuna cewa da kunne aka are su, a bakin mutanen da ba su yi boko ba. An mayar da /p/ zuwa /f/ a *tafinta* da *fursuna*, a *rahoto* ma har ta zarce zuwa /h/ saboda wasalin da ke biye. An raba cunkoson baƙaƙe da wasali, an kuma rufe ƙarshen kalma da wasali. Bello Salim ya yi nazarin irin waɗannan sauye-sauye a kundin digirinsa na uku a 1981.

A 1933 Gwamna Kamaru ya soke kotunan lardi na Razdan, ya kafa Babbar Kotu da kotunan majistare. Daga nan *kotu* da *joji* da *majistare* da *afil* suka sami gindin zama. Amma dokar wancan zamani ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan En'e, saboda haka talakan Gombe ya daɗe da sanin kalmar *lauya* kafin ya ga lauya yana kare wani a gaban alƙalinsa.

Wata shari'a ta 1947 ta fito da girman sunan da ake ba abin da ya auku. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsoho Gubba hukuncin kisa bisa kisan ganganci. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, domin a dokar Turawa, tunzura shi da aka yi ta mayar da laifin ya zama *manslaughter*, wanda ba a kisa a kansa. Aiki ɗaya ne, amma suna biyu aka ba shi, kuma rai ya rataya a kan wanda aka zaɓa. Ko da yake a Gwandu abin ya faru, ya shafi dukkan kotunan sarakunan Arewa, kuma yana cikin abubuwan da suka kai ga kafa kwamitin masana shari'a na 1958.

4.0 Daga Final Kot Zuwa Jihar Gombe

Shawarar wannan kwamiti ta haifar da kundin laifuffuka na 1959, wanda ya fara aiki a 1960. An gina shi a kan na Sudan, shi kuma na Sudan a kan na Indiya na 1860. Hausawa suka kira shi *Final Kot*. Nan take alƙalin da ya tashi da Risala da Muhtasar ya koma yanke hukuncin laifi da lambar sashe. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki a ƙarƙashin jiha, aka sami *eriya kotu* da *afa eriya kotu* a bakin jama'a. A wannan tsakani kuma jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, cinikin auduga ya bunƙasa, baƙi suka cika gari, Hausa ta ƙara tabbata a matsayin harshen kasuwa da na kotu.

Gombe ta zauna a Jihar Arewa maso Gabas daga 1967, ta koma Jihar Bauchi a 1976, ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996. Da haka ta sami Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a nata na kanta. A wannan zango fassara ta fi aro yawa, musamman ta hanyar rediyo da jaridu:

(2) *Kotun Ƙoli*, *mai gabatar da ƙara*, *wanda ake ƙara*, *ɗaurin talala*, *kotun tafi-da-gidanka*, *Mai Shari'a*.

Laƙabin ƙarshen nan shi ake kiran manyan joji-joji da shi, kamar Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, wadda ta taɓa zama Babbar Jojin Jihar Gombe, kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 2014. Haka nan, bayan dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari, *gidan gyaran hali* ya shigo kafofin labarai.

Akwai abubuwa biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, kalmar Larabci *al-ƙali*, wato *al-qadi*, ta shigo Hausa sau biyu. Ta fara shigowa ta hannun malamai a matsayin *alƙali*, sannan ta sake dawowa ta cikin Ingilishin tsarin mulki a matsayin *kadi*, kamar a *Girandi Kadi*. Na biyu, *kotu* tana ɗaukar mahaɗin namiji, a ce *kotun majistare*, amma ana yawan ba ta wakilin suna na mace, a ce *kotu ta yanke hukunci*. Ana iya danganta wannan da kwaikwayon *hukuma* da *majalisa*, kamar yadda ya faru ga *gwamnati*. Idan aka leƙa Jamhuriyar Nijar kuwa, za a ga Faransanci ne ya cike wannan gurbi, inda aka sami *jandarma* da *kaso*.

5.0 Kalmar *Kes* da Sunayen Aukuwa

Kalmar Ingilishi *case* ta fito ne daga Latin *casus*, wadda tushenta ke nufin faɗuwa. Ma'anarta ta farko ita ce abin da ya faɗo, wato abin da ya auku, daga baya ta ɗauki ma'anar ƙara a kotu. Abin sha'awa shi ne Hausa ma ta bi wannan tunani, domin *auku* 'yar'uwar *auka* ce, kamar a *ya auka rijiya*. Haka *waƙi'a* ta Larabci take, daga aikatau mai nufin faɗuwa.

Sai dai Hausa ba ta aro dukkan ma'anonin kalmar ba. Ta ƙofar caji ofis *kes* ta shigo, kuma ta riƙe warin wurin:

(3) a. Yana da kes a wurin 'yan sanda.
b. An kashe kes ɗin.
c. Kada ka jawo mana kes.

A (3a) ba a kai ga kotu ba, don haka *shari'a* ba za ta maye gurbinta ba. A (3b) ana iya nufin sulhu, ana kuma iya nufin an bi ta bayan fage. A (3c) kuwa ma'anar ta faɗaɗa zuwa kowace irin rigima. Ma'anar likitanci ba ta zauna sosai ba. A lokacin annobar korona ta 2020, masu fassara labarai sun fi cewa *waɗanda suka kamu da cutar*, kuma sun yi daidai.

Matsalar ta fi tsanani a kalmomin *incident* da *accident*. Ta farko ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ba ta kuma wanke kowa ba, kuma *lamari* ko *abin da ya faru* sun wadatar a kanta. Ta biyu kuwa kariya ce a dokar laifuffuka, domin tana nufin babu niyya, kuma an yi taka-tsantsan gwargwado. Hausa tana da *haɗari* da *tsautsayi* da *kuskure* da *ƙaddara*, kuma babu wadda ta yi daidai da ita sak. Bahaushe yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wato maganar ƙaddara yake yi, bai taɓo batun sakaci ba. A ƙaddara direba ya buge mutum a hanyar Dukku, ya ce wa kotu, "Tsautsayi ne." Yana iya yiwuwa amsa laifi yake yi cikin nadama. Idan tafinta ya mayar da maganarsa *accident*, ya sa masa musu a baki. Idan kuma wani ya ce, "Haka aka yi," yana nufin aukuwar ta auku, aka rubuta cewa ya amsa laifi, an zalunce shi.

Irin wannan cuɗewa tana nan a sakamakon shari'a ma:

(4) a. *discharged* da *acquitted*: duka akan ce *an sallame shi*.
b. *struck out* da *dismissed*: duka akan ce *an kori ƙara*.
c. *suspect* da *accused* da *convict*: duka akan ce *mai laifi*.

Wanda aka sallama kawai ana iya sake gurfanar da shi, wanda aka wanke kuwa ya tsira daga wannan tuhuma. Ƙarar da aka cire daga jerin shari'u ana iya dawo da ita, wadda aka kora bayan an saurare ta kuwa sai dai ɗaukaka ƙara. Kiran wanda ake zargi *mai laifi* kuma yanke hukunci ne tun kafin alƙali ya zauna.

6.0 Kammalawa

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. A Gombe wannan haƙƙi yana da nauyi na musamman, domin mai jin Tangale ko Waja ko Fulfulde sau da yawa ta Hausa maganarsa take bi kafin ta isa Ingilishin da ake rubuta bayanan Babbar Kotu da shi. Haka kuma, shari'ar da aka rubuta da Hausa a ƙaramar kotu sai an fassara ta idan ta hau manyan kotunan tarayya.

An yi ƙoƙari a baya, kamar ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu na 1991, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne a daidaita kalmomin da ke rarrabe niyya da sakaci da kuskure, da waɗanda ke bayyana sakamakon shari'a. Ana ba da shawarar a tsayar da *an wanke shi* dabam da *an sallame shi*, da *an cire ƙara* dabam da *an kori ƙara*, a kuma koyar da su ga tafintoci da 'yan jarida. Tsofaffin littattafan kotunan alƙalai na ƙasar Gombe su ne wurin da ya kamata a fara wannan aiki, domin a cikinsu za a ga yadda alƙalan da suka rayu tsakanin Larabci da Hausa da Ingilishi suka riƙa sanya wa kowace aukuwa suna.