Tagwayen Kwalekwale: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Ya Samu Shiga Teku

Yau teku za mu leƙa. Na daɗe ina ɗauka cewa yawon shaƙatawa a jirgin ruwa mai tafiya da iska harkar masu hannu da shuni ce kaɗai, sai tarihin katamaran ya sauya mini tunani.

Mene ne katamaran? Kwalekwale biyu ne a jere, an haɗa su da sanduna, an kafa musu ƙyallen da ke kama iska. Sunan daga harshen Tamil na kudancin Indiya ya fito, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure. Da irin wannan jirgi mutanen Polinesiya suka isa tsibiran Hawai da New Zealand tun kafin Turawa su san hanyar.

Amma an daɗe ana raina shi. A 1876 wani Ba'amurke, Nathanael Herreshoff, ya shiga tseren jirage a New York da katamaran ɗinsa mai suna Amaryllis, ya bar manyan jirage a baya. Kun san abin da ya biyo baya? Sai aka hana irinsa shiga tseren da aka saba yi.

Wanda ya fi burge ni shi ne James Wharram, ɗan Manchester da aka haifa a 1928. Ba shi da wasu kuɗin a zo a gani. Da hannunsa ya haɗa Tangaroa, jirgin da tsawonsa bai kai ƙafa 24 ba, ya tashi daga Falmouth ta Ingila a 1955 tare da wasu mata biyu Jamusawa. Suka bi ta tsibiran Kanari, suka ratsa tekun Atlantika har Trinidad. A 1959 ya dawo Birtaniya daga New York a wani sabon jirgin, Rongo. Daga nan ya shiga sayar da zanen jirage, kowa ya sayi katako ya haɗa nasa a bayan gida. Yawancin jiragensa da igiya ake ɗaure sandunansu, in ta tsinke ka sake wata. Wani ƙaraminsu, Tiki 21, har duniya aka zagaya da shi.

A Kalifoniya kuma, Hobie Alter ya fitar da Hobie 14 a 1968. Ba ya buƙatar tashar jirage, daga kan yashi za ka tura shi ruwa, in ka gaji ka jawo shi tudu. Ƙaninsa Hobie 16 an sayar da fiye da guda 100,000.

To, me talakan matuƙi yake so? Jirgin da aljihunsa zai ɗauka, wanda ba ya karkata har iyali su tsorata, wanda ke shiga ruwa marar zurfi, wanda zai gyara da kansa. Gaskiya akwai sadaukarwa: ɗakin kwana matsattse ne, kuma katamaran in ya kife da wuya ya miƙe.

Abin da ke damu na shi ne, yau manyan katamaran na alfarma ne suka cika tallace-tallace, farashinsu ya fi na gida. In masu ƙera jirage suka manta da mai ƙaramin ƙarfi, ƙofar da su Wharram suka buɗe za ta sake rufuwa.