Kalmar "Lord": Daga Tsaron Gurasa Zuwa Sarauta

Kusan duk wanda ya zauna a aji ya ji sunan Lord Lugard, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar asalin wannan laƙabi. Idan muka bi sawunsa, ba fada zai kai mu ba, madafa zai kai mu.

A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin shekarar 1066, sunan gurasa shi ne hlaf, mai tsaro kuma weard. Haɗuwarsu ta ba da hlafweard, wato mai tsaron gurasa. Yau da gobe baki ya tauna kalmar ta koma hlaford, sannan loverd, har ta zama lord. Ita ma lady daga nan ta fito: hlaefdige, mai kwaɓa gurasa. Abin da ya fi burge mu shi ne sunan bara. A cikin dokokin Sarki Ethelbert na Kent, wajen shekarar 600, an kira wanda ke ƙarƙashin wani hlafaeta, mai cin gurasa. Ashe a idon mutanen nan girma na wanda ke ciyarwa ne, biyayya kuma ta wanda aka ciyar.

Da Normandawa suka ci Ingila a 1066 sun shigo da laƙabai na Faransanci irin su baron, amma tsohuwar kalmar ba ta gushe ba. Sai ma ta hau sama. Da ita ake kiran manyan masu ƙasa, da ita aka sa wa ɗaya daga majalisun Birtaniya suna, kuma tun da can masu fassara littattafan addinin Kirista sun kira Allah da ita. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin kalmar Ubangiji ma daga uba da gida ta fito.

Mu koma kan Lugard. Lokacin da dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sir Frederick yake. Sai a 1928 aka ba shi laƙabin Lord, bayan ya bar Nijeriya da shekaru tara. Marubucin da ya sa wani ya kira shi Lord a labarin cin Kano ya naɗa shi tun kafin sarkin Ingila ya naɗa shi.