Soundex

Soundex wata hanya ce ta mayar da sunan dangi zuwa gajeriyar lamba bisa yadda ake furta shi da Ingilishi, domin sunayen da suka yi kama a kunne su samu lamba ɗaya ko da rubutunsu ya bambanta. Lambar harafi ɗaya ce da alƙaluma uku. Misali, Smith da Smyth duka suna bayar da S530, don haka wanda ya nemi ɗaya a rumbun bayanai zai ga ɗayan ma.

Tarihi

Robert C. Russell ya samu takardar mallakar ƙirƙirar a Amurka a 1918, aka sake ba da wata a 1922. Ana haɗa sunan Margaret King Odell da nasa a wannan aiki. Tsarin ya girmi kwamfuta, domin an yi shi ne don jera katunan suna a akwatunan ofis. A shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta yi amfani da wani samfurinsa wajen jera sunayen da ke cikin tsofaffin takardun ƙidayar jama'a, ciki har da na 1880 da 1900 da 1920. Tsofaffi da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma suna bukatar shaidar shekaru kafin a ba su fansho. Masu ƙidaya sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, saboda haka neman mutum da ainihin rubutun sunansa kan ci tura. Daga baya Donald Knuth ya bayyana tsarin a kundi na uku na littafinsa The Art of Computer Programming, wanda ya fito a 1973. A yau ana samunsa cikin manhajoji irin su MySQL da Oracle da SQL Server da PHP.

Yadda ake fitar da lamba

Ana barin harafin farko yadda yake, sannan a ba sauran baƙaƙe alƙaluma. B, F, P da V suna ɗaukar 1, C, G, J, K, Q, S, X da Z suna ɗaukar 2, D da T 3, L 4, M da N 5, R kuma 6. Wasula da Y da H da W ba su da lamba. Rabon ya bi yanayin furuci: rukuni na 1 sautukan leɓɓa ne, na 5 na hanci. Rukuni na 2 kuwa ya yi faɗi da yawa, domin ya haɗa K da S waɗanda kunne ba ya rikita su, kuma harafin C mai ɗaukar sautukan biyu a Ingilishi yana cikin abin da ya jawo hakan.

Idan haruffa biyu masu lamba ɗaya suka zo a jere, sau ɗaya ake ƙidaya su, ko da na farkon shi ne harafin farko na sunan. Shi ya sa Pfister ya zama P236. Haka ma idan H ko W ne kaɗai tsakaninsu, kamar Ashcraft, A261. Amma idan wasali ya raba su, kowanne yana samun lambarsa. Ana tsayawa a alƙaluma uku, idan ba su cika ba a cike da sifiri, kamar Lee, L000.

Rauninsa

Babban rauninsa shi ne dogaro da harafin farko. Phillips da Filips furucinsu ɗaya, amma sun zama P412 da F412. Haruffan da ba a furtawa ma suna ɓata lissafi: Knight K523 ne, Night kuma N230. A ɗaya ɓangaren, yakan haɗa sunayen da suka bambanta, kamar Robert da Rupert, R163.

Matsalar ta fi fitowa a sunayen da ba na Ingilishi ba. Muhammad da Mohammed sun haɗu a M530, amma Usman da Osman da Uthman, waɗanda suna ɗaya ne, sun rabu gida uku: U255, O255, U355. Sanda kuwa ya faɗa S530 tare da Smith. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jadawalin sam. Don haka abin da Soundex ya fitar jerin waɗanda za a duba ne kawai. A rajistar asibiti ko ta banki, haɗa fayil biyu saboda lambarsu ta zo ɗaya na iya cakuɗa bayanan mutane biyu daban.

Hanyoyin da suka biyo baya

A 1985 Gary Mokotoff ya tsara wani samfuri don sunayen Yahudawa da na gabashin Turai, Randy Daitch ya inganta shi. Wannan yana da alƙaluma shida, kuma suna ɗaya na iya samun lamba fiye da ɗaya. Lawrence Philips ya fitar da Metaphone a 1990, mai lura da haɗakar haruffa irin su PH da KN, sannan Double Metaphone a 2000. Jamusanci yana da nasa tsarin, Kölner Phonetik, tun 1969.