Daga Ɗigon Abul Aswad zuwa Littafin Sibawaihi: Yadda Malaman Basra Suka Gano Tsarin Harshe

Ɗalibin da ya zauna gaban malaminsa yana biya Ajurumiyya yakan ɗauka cewa ƙa'idojin nahawu abu ne da aka gada a kammale, wanda babu abin da ya rage sai hadda. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Waɗannan ƙa'idoji sakamako ne na binciken da wasu mutane suka yi a birnin Basra na ƙasar Iraƙi, a ƙarni na farko da na biyu bayan Hijira, ta hanyar kasa kunne ga masu magana da lura da motsin bakinsu. Kiyaye karatun Alƙur'ani ne ya tashe su, amma abin da suka gano ya shafi yadda harshen ɗan Adam yake aiki gaba ɗaya.

Bayan da Musulunci ya bazu zuwa Farisa da Sham da Masar, Larabawa suka cakuɗa da al'ummomin da Larabci ba harshensu na gado ba ne, sai kurakurai suka fara bayyana a magana da karatu. A Larabci, wasalin ƙarshen kalma shi ke nuna wanda ya aikata da wanda aka aikata wa, don haka sauya wasali guda yana iya juya ma'anar aya. Rubutun wancan zamani kuwa baƙaƙe ne zalla. Ruwayoyi sun danganta gyaran farko ga Abul Aswad Ad-Du'ali, wanda ya rasu a shekara ta 69. An ce ya umarci marubucinsa da ya dubi leɓɓansa yana karatu: idan ya buɗe baki a sa ɗigo a saman harafi, idan ya tattara leɓɓa a sa a gabansa, idan ya karyar da su a sa a ƙarƙashi. Sunayen fataha da damma da kasra suna ɗauke da wannan tarihi, domin kowannensu siffanta motsin baki yake yi. Darasin farko ke nan: asalin harshe sauti ne, rubutu kuwa ƙoƙarin kama shi ne.

Wanda ya mayar da wannan lura ilimi mai tsari shi ne Khalil ɗan Ahmad Al-Farahidi. Da ya tashi tattara kalmomin Larabci a ƙamusun da ake kira Kitabul Ain, bai bi jerin haruffa da aka saba ba. Ya jera su ne bisa mafurtarsu, ya fara daga maƙogwaro ya gangaro har zuwa leɓɓa, shi ya sa littafin ya ɗauki sunan harafin Ain. Sannan ya lura cewa yawancin kalmomin Larabci suna tsirowa daga saiwa mai baƙaƙe uku, kuma baƙaƙe uku suna juyuwa ta fuska shida, huɗu ta fuska 24, biyar ta fuska 120. Ain da lam da mim, alal misali, su ne suka ba da kalmar ilimi, da ta aiki, da ta ƙyalli. Sai ya riƙa bin kowane juyi yana bambanta wanda Larabawa ke amfani da shi da wanda suka bari. Da haka ya nuna cewa harshe yana gina dubban kalmomi daga sautuka ƙididdigaggu, kuma ba kowane haɗin sauti yake karɓa ba. Shi ne kuma ya fitar da ma'aunan waƙa 15 na ilimin aruli, ya musanya ɗigon Abul Aswad da alamomin wasali da shadda waɗanda muke gani a yau.

Almajirinsa Sibawaihi mutumin Farisa ne. An ruwaito cewa kuskuren da ya yi a majalisin hadisi na Hammad ɗan Salama ne ya sa ya ƙudurta neman ilimin da ba za a sake gyara masa magana ba. Ya rasu wajen shekara ta 180 yana da sauran ƙuruciya, ya bar littafin da ake kira Al-Kitab. A cikinsa ya kasa magana gida uku, wato suna da aikatau da harafi, ya ƙidaya haruffan asali 29 da mafurta 16, ya kuma bayyana yadda sauti yake narkewa cikin maƙwabcinsa, abin da masu tajwidi suka sani da idgami. Mafi zurfin abin da ya zo da shi shi ne raba ingancin ginin jumla da gaskiyar abin da take faɗa. Idan mutum ya ce "na je gona jiya", maganarsa ta miƙe. Idan ya ce "na haɗiye wata", ginin ya miƙe amma ƙarya ce. Idan ya ce "na je gona gobe", ƙarshen magana ya rushe farkonta. Wannan rarrabewa tana nuna cewa a cikin ƙirjin kowane mai magana akwai ma'auni da yake gane karɓaɓɓiyar jumla da shi, ko bai taɓa jin ta ba.

Daga ina waɗannan malamai suka samo hujjarsu? Daga Alƙur'ani da waƙoƙin magabata da kuma bakin mutanen ƙauye. Sukan fita kasuwar Mirbad a gefen Basra, ko su shiga sahara, su saurari ƙabilu irin su Ƙaisu da Tamimu da Asad, sannan su yi ƙiyasin abin da ba su ji ba a kan abin da suka ji. Saɓaninsu da malaman Kufa, irin su Kisa'i, ya ta'allaƙa ne da wannan tambaya: shin maganar da aka ji jefi-jefi ta isa a gina ƙa'ida a kanta? Muƙabalar da aka yi tsakanin Sibawaihi da Kisa'i a Bagadaza, a majalisin waziri Yahya ɗan Khalid Al-Barmaki, an yanke ta ne da shaidar Larabawan da aka kira. Ko da an yi ta tababa kan adalcin hukuncin, ɓangarorin biyu sun yarda cewa mai harshe shi ne alƙali.

Ibn Jinni, wanda ya rasu a 392, ya faɗaɗa nazarin. A littafinsa Al-Khasa'is ya bayyana harshe a matsayin sautukan da kowace al'umma take isar da manufofinta da su, ma'anar da ba ta keɓanci Larabci ba. A wani littafin ya kwatanta maƙogwaro da baki da sarewa, wadda sautinta ke sauyawa gwargwadon inda yatsa ya toshe. Daga baya Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808, ya ja kunne cewa harshe ƙwarewa ce da ake samu ta sauraro da maimaitawa, kuma wanda ya san ƙa'idojin ɗinki ba lalle ya iya riƙe allura ba.

Wannan gado ya iso ƙasar Hausa, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Al-Bahrul Muhit a nahawu da Al-Hisnur Rasin a sarfu. Marubutan ajami kuma sun yi irin aikin Abul Aswad lokacin da suka daidaita haruffan Larabci domin su ɗauki sautukan Hausa irin su ɓ da ts. Duk da haka, da yawa daga cikin ɗalibanmu suna iya li'irabin doguwar jumlar Larabci, amma ba su taɓa tsayawa sun lura cewa tsawon wasali ne ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo ba, alhali da wannan harshe suke fassara Alƙur'ani ga jama'a. Mai tafsiri da mai wa'azi amana suke ɗaukowa daga harshe zuwa harshe, kuma sai sun san tsarin kowannensu amanar za ta isa lafiya. Ɗalibin da ya haddace abin da Khalil da Sibawaihi suka tsara ya sami rabo babba. Idan ya ƙara da koyon sauraro irin nasu, ya yi amfani da shi ga Larabci da harshen da ya tashi da shi, to ya gaji hanyar da suka bi.