Madura: ciwon ƙafar manoman Jazira da ke jure wa magani

Madura, wadda mutanen Sudan ke kira "nabit", ciwo ne da ke cin fata da tsoka har ya kai ga ƙashi, galibi a ƙafa. Ta samo sunanta daga garin Madurai na Indiya. Ana samunta a Nijar da Chadi da Senegal, amma Sudan na cikin ƙasashen da ta fi yi wa katutu, musamman jihohin Jazira da Sennar, inda ƙauyukan Hausawa manoma suke, daga Hajj Abdalla har Mai Wurno.

Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa, kuma ana kyautata zaton ta wani ɗan rauni take shiga jiki, kamar sukar ƙaya. Da farko ɗan kumburi ne marar zafi, shi ya sa ake raina shi. Bayan watanni ko shekaru sai ya huje, ya riƙa tsiyayar ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi kamar yashi.

Launin ƙwayoyin nan yana da muhimmanci, domin madura iri biyu ce. Akwai ta bakteriya, wadda ke jin magunguna irin su co-trimoxazole da amikacin. Akwai kuma ta fangas, wato dangin fumfuna, wadda ta fi yawa a Sudan. Baƙaƙen ƙwayoyi alamarta ce, kuma mafi yawanci fangas mai suna Madurella mycetomatis ne ke jawo ta.

Wannan ta biyun ita ce mai taurin kai. Fangas ɗin yana dunƙulewa ya lulluɓe kansa da wani abu mai tauri kamar siminti, ga kuma baƙin sinadarin melanin, sai magani ya yi ta fama kafin ya ratsa ciki. Fluconazole, ƙwayar da aka saba saye a kemis don ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, ba ya yi masa komai. Shan sa ɓarnar kuɗi ce da lokaci, ga shi kuma yawan shansa barkatai na cikin abin da ke sa ƙwayar Candida, mai jawo wancan ƙaiƙayin, ta daina jin sa. Ketoconazole da aka daɗe ana bayarwa, hukumomin magunguna na Amurka da Turai sun taƙaita shansa a 2013 saboda illarsa ga hanta.

Abin da ya rage shi ne itraconazole, miligiram 400 kullum, na kusan shekara guda, a haɗa da tiyata. Yana da tsada ga manomi, kuma wanda ya katse shi a tsakiya ciwon na iya dawo masa. In ya ci ƙashi sosai, yanke ƙafa ake yi.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka madura cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. A 2017 Cibiyar Binciken Madura ta Jami'ar Khartoum, wadda Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa a Soba a 1991, ta fara gwajin fosravuconazole na kamfanin Eisai na Japan, tare da ƙungiyar DNDi. Sabon maganin bai zarce itraconazole wajen warkarwa ba, sai dai sau ɗaya ake shansa a mako, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai zama nesa da asibiti.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da aikin cibiyar ta Soba. A Disambar wannan shekarar dakarun RSF suka kama Wad Madani, sojoji ba su ƙwato shi ba sai Janairun 2025, kuma a tsakanin nan majinyata da dama sun rasa inda za su karɓi magani.