Yahuda Halevi: Likitan Andalus da Ya Bar Daula Ya Nufi Ƙudus

A al'adar Yahudawa, barin gida don amsa kiran Ubangiji ya samo asali ne daga Annabi Ibrahim. Babi na 12 na Littafin Farawa a Attaura ya kawo yadda aka umarce shi ya bar ƙasarsa da danginsa, ya tashi daga Haran zuwa Kan'ana yana ɗan shekara 75. Kowace shekara ana karanta wannan sashe a majami'u. Cikin waɗanda suka bi wannan sawu da ƙafafunsu, kaɗan ne tarihi ya riƙe kamar Yahuda Halevi.

An haifi Halevi a Sifaniya wajen shekarar 1075. Ya yi zama a Garnaɗa da Toledo da Kurɗuba, yana sana'ar likita, yana kuma rubuta waƙoƙi da Ibrananci bisa karin arulin Larabci, wanda marubuta waƙoƙin Hausa su ma suka ara daga baya. Ya samu suna da ɗalibai da shiga wurin manya. Sai dai ƙasar ba ta zauna lafiya ba. A 1085 Sarki Alfonso na Shida ya ci Toledo, shekara guda bayan haka Murabiɗun suka ƙetaro daga Maroko, Yahudawa kuma suka tsinci kansu tsakanin rundunoni biyu. Can gabas kuwa, mayaƙan Salibiyya sun kama Birnin Ƙudus a 1099, suka karkashe Musulmi da Yahudawa, suka hana su zama a cikinsa.

Dalilin tafiyarsa zuwa Ƙudus yana cikin littafinsa Kuzari, wanda ya rubuta da Larabci cikin haruffan Ibrananci. Muhawara ce tsakanin sarkin Hazar da wani malamin Yahudawa. Sarkin ya tuhumi malamin da cewa suna fuskantar Ƙudus a addu'a, suna ambatonta kullum, amma ba mai ɗaura niyyar zuwa. Malamin ya amsa laifin. A ƙarshen littafin ya yi wa sarkin sallama zai kama hanya. Da sarkin ya tuna masa haɗarin tafiyar, sai malamin ya nuna masa cewa fatake na jefa rayukansu cikin irin wannan haɗari saboda riba kawai, shi kuwa dattijo ne da ke neman kuɓuta daga bautar neman yardar mutane. A ganin Halevi, begen da ya tsaya a fatar baki bai cika ba sai aiki ya biyo shi.

A 1140 ya aikata abin da ya rubuta. Ya bar 'yarsa tilo da jikansa da ɗalibansa, ya hau jirgin ruwa, ya sauka Iskandariya a watan Satumba. A Masar ya tarar da wata sabuwar daula. Alƙali kuma likita Haruna ibn al-Ammani ya sauke shi a gidansa, a Fusɗaɗ kuma amininsa attajiri Halfon ben Netanel ya karɓe shi, manyan gari suna rige-rigen gayyatarsa, wasu suna roƙon ya yi zamansa. Bayan wata takwas a Masar ya sake hawa jirgi a Iskandariya. Jirgin ya yi kwanaki a tashar yana jiran iskar yamma, ya tashi ranar 14 ga Mayu, 1141. 'Yan watanni bayan haka ya rasu. Labarin cewa wani mahayin doki ne ya tattake shi a ƙofar Ƙudus ya fito ne a wani littafi na ƙarni na 16, masana kuma sun ɗauke shi almara.

An san waɗannan bayanai ne daga wasiƙun da aka tono a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na majami'ar Ben Ezra a Fusɗaɗ. Solomon Schechter ya kwashe mafi yawan takardun zuwa Kambirij a 1897, daga baya masanin tarihi S. D. Goitein ya gano wasiƙun da suka shafi tafiyar. Waƙar Halevi ta begen Sihiyona, wato Ƙudus, kuwa ta shiga littattafan addu'a, ana karanta ta a azumin ranar 9 ga watan Ab, ranar tunawa da rushewar Haikalin Ƙudus.