Daga Keson Wuri Zuwa Kuɗin Gida: Tarihin Manyan Lambobi a Hausa da Hanyar Koyar da Su

1.0 Gabatarwa

Akwai wani zato da ya daɗe a tsakanin malaman makarantun firamare, cewa Hausa ta isa a koyar da ƙidaya daga ɗaya zuwa ɗari, ko zuwa dubu, amma da an wuce nan sai a koma Ingilishi, wai domin Bahaushe bai saba da manyan lambobi ba. Sakamakon wannan zato shi ne, yaro yakan ji ana ambaton miliyan a gida da kasuwa, yana kuma iya faɗa da bakinsa, amma in an ce ya rubuta miliyan bakwai da dubu hamsin da alƙaluma sai abin ya gagara. Abin da ya ɓace masa shi ne darajar gurbi, watau sanin cewa ƙimar kowane alƙalami ta danganta ga inda ya zauna a cikin jerin: 5 na cikin 50 goma biyar ne, 5 na cikin 5,000 kuwa dubu biyar ne. Wannan maƙala za ta bi tarihin manyan lambobi a Hausa, ta nuna cewa ta hanyar farashin kaya aka san su tun asali, sa'an nan ta duba yadda kuɗin gida a yau zai iya yi wa malami aikin da wuri ya yi wa magabata.

2.0 Zamanin Wuri

Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maldif ne, cikin tekun Indiya. Ya zauna daram a cikin harshen, har jam'in kalmar, watau kuɗi, ya zama sunan duk abin da ake ciniki da shi, kuma har yau in za a faɗi adadi daidai akan ce "wuri na gugar wuri".

Shi wuri ƙimarsa kaɗan ce ƙwarai, saboda haka ko matsakaicin ciniki sai ya kai dubbai. Clapperton ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,000 a Kano a 1824. Da Barth ya iso a 1851, ta kai 2,500. Barth ya ƙiyasta cewa iyali guda za su iya ci da sha da sutura na shekara a Kano da wuri 50,000 zuwa 60,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano take sayarwa waje a kan wuri miliyan 300 a shekara, aƙalla. A Tasawa ya ga an zauna ana ƙirga wuri 500,000 da hannu. Ya bayyana yadda ake yi: ana jan wuri biyar biyar da yatsu, a tara su tsibi tsibi na 200 ko na 1,000, hukuma kuwa takan ɗura 20,000 a jakar kaba guda. Mutanen da kuɗin cefanensu na shekara ya kai dubu hamsin ba za a ce ba su san manyan lambobi ba.

Wannan aiki ya bar kalmomi na musamman, waɗanda ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) suka adana. Akwai hauya, watau ashirin; da zangu, watau ɗari; da zambar, watau dubu, kamar a ce zambar goma; da keso, watau wuri 20,000. Zangu da zambar suna nan a Zabarmanci da wannan ma'ana, abin da yake nuna alaƙar ciniki da ƙasashen yamma. Fataken goro kuma suna da ƙwarya, watau goro ɗari.

Abin lura a nan shi ne tsarin tsibi. Yaron da ya tashi a gaban fatake ko dillalai yana ganin ƙananan tsibi suna haɗuwa su zama babba, manya kuma su cika keso. In an ce masa wuri 500,000, ya san keso ashirin da biyar ke nan, ya kuma san nauyinsu, domin ya ga dabbobin da suka ɗauko su. Wannan shi ne tushen darajar gurbi: a dunƙule adadi, a ba dunƙulen suna, a ci gaba da ƙirga dunƙulen maimakon ƙwaya.

Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibge wuri mai araha daga Zanzibar a gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙimarsa ta yi ta faɗuwa, lambobin ciniki suka ƙara girma, har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara. Don haka manyan cinikayya suka dogara ga dala da tufafi da dawaki, har da bayi, amma da wuri ake yanke farashin.

3.0 Gudummawar Malamai

Hanya ta biyu da manyan lambobi suka shigo ita ce ta zaure. Littattafan nahawu na farko da Turawa suka rubuta sun nuna cewa da Hausawa sukan ce gomiya biyu, gomiya uku, har gomiya tara. Kalmomin Larabci, ashirin da talatin har zuwa casa'in, su ne suka ture su. Aron bai tsaya nan ba: akwai minya (100), metan (200), arbaminya (400), hamsaminya (500), alif (1,000), alfyan (2,000), arba (4,000), hamsa (5,000). Yawancinsu sun ɓace daga bakin matasa, sai alif da ta saura wajen faɗin shekara. Ga mai koyarwa, wannan aro yana da riba da hasara. Ashirin ta fi gomiya biyu sauƙin faɗa, amma gomiya biyu ta fi bayyana abin da 20 take nufi, domin ta ambaci gurbin da kuma yawan abin da ke cikinsa.

Malaman hisabi suna da wata dabara da ta cancanci a duba ta. Kowane harafin Larabci yana da adadi, kuma sukan jera haruffan rukuni rukuni. Rukunin farko, aiƙash, ya ƙunshi alif (1), ya (10), ƙaf (100), shin (1,000), bisa lissafin Magariba da ake bi a nan. Na biyu, bakar, ya ƙunshi ba (2), kaf (20), ra (200). Haka har rukuni na tara. Wannan tsari ba shi da sifiri, saboda haka bai cika darajar gurbi ba, amma ɗalibin da ya haddace shi ya gane cewa 2 da 20 da 200 'yan gida ɗaya ne. Da shi mawaƙan ƙarni na 19 suke yin ramzin shekara a ƙarshen waƙa. Ilmin ya yi zurfin da har Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna da rubutu a kan tsarin hatimi na lambobi.

Inda hisabi ya fi taɓa talaka shi ne rabon gado, kuma a nan ne kuɗin gida ya fara zama darasin lissafi. Gida ba ya yankuwa takwas cikin sauƙi, sai a yi masa kuɗi, a fitar da tumunin matar mamaci, a raba saura, namiji ya sami ninkin rabon mace.

4.0 Fam da Sule da Kwabo

Turawan mulkin mallaka sun hana shigo da wuri a 1904, a 1912 kuma aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma. Nan take lambobin kasuwa suka ƙanƙance, abin da ake faɗa da dubbai ya koma 'yan sulalla. Wata shaidar canjin ta saura a harshen: ana kiran rabin kwabo ɗari, bisa ga dukkan alamu domin ya yi daidai da wuri ɗari.

Sabon kuɗin bai dace da ƙidayar goma goma ba. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, watau kwabo 240. Sai anini kaɗai, wanda goma suke yin kwabo. A makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da makarantun elemantare da suka biyo baya, da Hausa ake koyar da lissafi, musamman don samar da malaman haraji da na baitulmali. Amma yaro yana fama da doka biyu: a lissafin lambobi in an kai goma a wuce gurbi na gaba, a lissafin kuɗi kuwa sai an kai goma sha biyu, sa'an nan ashirin. Ke nan kuɗi, wanda da shi ne malamin ƙidaya, ya daina taimakon allo.

Duk da haka ɗabi'ar dunƙulewa ba ta mutu ba. Jaka ta maye gurbin keso, ta zama fam 100. A Nijar kuwa aka ɗauki dala a matsayin tamma biyar, jaka ta zama dala 200, watau tamma 1,000, har yau yaro a can yakan ga 100 a jikin kuɗi ya ce dala ashirin.

5.0 Naira da Dawowar Manyan Lambobi

Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta koma naira da kwabo: kwabo 100 naira ɗaya, naira biyu fam ɗaya. Kuɗi ya sake dacewa da allo. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ce a koyar da yara da harshen uwa a shekarun farko. Sai faɗuwar darajar naira ta maimaita abin da ya sami wuri. Takardun kuɗin kansu shaida ne: ta naira 20 ta fito a 1977, ta 50 a 1991, ta 100 a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1,000 a 2005. Miliyan da biliyan suka shigo daga Ingilishi, suka ture zambar dubu da dubu dubu. Kwabo ya ɓace daga ciniki, ya saura a zancen wanda ba shi da ko kwabo.

6.0 Kuɗin Gida a Matsayin Darasi

Ginin lamba a Hausa yana taimakon malami, domin sunan gurbi ne yake fara zuwa: dubu biyu da ɗari uku, watau an ambaci gurbi kafin alƙalamin da zai zauna a cikinsa. Amma akwai matsala biyu. Ta farko, ba a furta sifiri, shi ya sa yaro yakan ji dubu biyu da biyar ya rubuta 20005. Ta biyu, dubu ashirin da biyar tana iya zama 25,000, tana kuma iya zama 20,005. A kasuwa babu wanda yake ruɗewa, domin kowa ya san abin da ake ciniki. A aji kuwa, inda lamba take tsirara, babu abin da zai raba gardama.

A nan ne amfanin kuɗin gida yake. Shi ne farashi mafi girma da yaro yake ji a zaure, kuma yana iya ganin bambancin gidan ƙasa mai ɗaki biyu da bene. Alal misali, malami ya kawo gidaje uku, ya ce ɗaya naira 750,000, ɗaya 7,050,000, ɗaya 7,500,000, ya sa yara su jera su a allo mai gurabu bakwai, su faɗi kowanne da Hausa. Alƙaluman iri ɗaya ne, 7 da 5 da sifiri, amma yaron da ya ji cewa gusar da 5 gurbi guda ya jawo bambancin naira 450,000 ba zai ƙara raina sifiri ba. Haka kuma wanda yake zaton 8,500,000 ta fi 12,000,000 domin 8 ta fi 1, zai gyara da kansa in an tambaye shi wane gida ya fi tsada. Harshen dillalai ma darasi ne: in dillali ya ce "bakwai da rabi", sai yara su nemo gurbin da ya haɗiye, su rubuta adadin cikakke.

A manyan azuzuwa sai a koma ga lissafin magabata. A ce gida ya yi kuɗi naira 24,000,000, mamaci ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. Tumuni 3,000,000 ne, saura 21,000,000 a kasa bakwai, mace ta ɗauki 3,000,000, kowane namiji 6,000,000. Sai dai malami ya kiyaye abu biyu. Kada ya tambayi yaro kuɗin gidan ubansa, domin aji ya haɗa ɗan mai gida da ɗan mai haya. Ya kuma riƙa sabunta misalansa daga bakin dillalan garinsu, tun da farashin bara ba shi ne na bana ba.

7.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa Hausawa sun ƙirga dubban ɗaruruwa tun kafin makarantar boko, kuma sun koye su ne ta hanyar abin da yake da farashi. Aikin da ya rage na masana harshe ne da masu tsara littattafai. Ya kamata a daidaita yadda za a rarrabe 25,000 da 20,005 a rubuce, alal misali a riƙa cewa dubu ashirin da guda biyar ga ta biyun. Ya kamata kuma a farfaɗo da gomiya a azuzuwan farko don bayyana gurbin goma, a kuma tsayar da suna ɗaya ga kowane gurbi har zuwa biliyan. In ba a yi haka ba, za a ci gaba da yaye yaran da suke ciniki da Hausa, amma ba su iya karanta adadin da aka rubuta a takardar cinikin gidan gadonsu sai an karanta musu.